Jan Fenti a Dokin Ƙofar Gwaggo Kulu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa ba za a bar ni ba, domin bidiyona yana cikin wayar kusan kowane gida a unguwarmu ta Harra ta Yamma, a Madina. In an yi suna a nuna, in an yi aure a nuna. Har danginmu na Katsina, waɗanda ban taɓa sa su a ido ba, sun ga ƙwaurina.

Bari in faɗi laifina tun daga tushe. Ni jami'in kiyaye haɗurra ne a wani otal kusa da Harami (mutumin nan da za ka gani yana duba tukunyar kashe gobara yana girgiza kai, to ni ne). Bara waccan wurin aiki suka sa mu wani kwas ta intanet a kan shirin tunkarar bala'i, su ambaliya da gobara. A cikin darussan akwai ɗaya da ya tsaya mini a rai. An nuna mana mutanen can ƙarshen arewacin duniya, 'yan asalin ƙasar ƙanƙara, waɗanda a kan ƙanƙara suke bi su je farauta, yanzu kuma ta koma narkewa ba a lokacinta ba. Dabarar da suka yi ita ce sa matasansu cikin aikin. Saurayi ya riƙe waya da abin awo, tsoho ya zauna a gefensa yana nuna masa inda ƙanƙara ke yaudara. Sau uku na kalli darasin nan. Rabin farko, na matasa da waya, na rungume shi da hannu biyu. Ɗaya rabin, na tsoho a gefe, har yau ban san inda na ajiye shi ba.

Mu ba mu da ƙanƙara a Madina, amma muna da saili. Wanda bai zauna nan ba zai ce garin da ake shekara ba a ga ruwan kirki ba, me ya haɗa shi da ambaliya? To saili ruwa ne da ake yi can kan duwatsu, ya taru ya gangaro ta kwari a lokaci ɗaya. Ƙasar Harra kuwa baƙin dutse ce, ba ta shan ruwa, miƙa shi gaba take yi. Unguwarmu cike take da tsofaffi, wasu a keken guragu, wasu da sanda, 'ya'yansu duk suna wurin aiki da rana. Tambayar da na sa a gaba mai kyau ce, a nan kam ba zan zalunci kaina ba: in saili ya zo da rana tsaka, wa zai fito da tsofaffin nan, kuma ina za a kai su?

Na tara matasan unguwa, maza da mata, kamar goma sha biyar. Yaran da aka haifa a nan, ka yi musu Hausa su ji sarai, su amsa maka da Larabci. Ni ma a nan aka haife ni, amma ina da wani ɗan taƙama da Hausata, don haka na kafa doka cewa da Hausa za a yi taro. Suka ce ɗayyib, wato to, suka ci gaba da Larabcinsu. Shugabar 'yan matan ita ce Shahad, 'yar yayata, tana ajin ƙarshe na sakandare. Yarinya ce marar hayaniya, irin waɗanda in sun yi shiru kana magana ba ka sani ba ko yarda suka yi ko tausayinka suke ji.

Na raba aiki. 'Yan mata su shiga gida-gida su rubuta ina akwai tsoho, wa ke kan keke, wa ke shan magani. Samari su ɗauki tef su auna duk abin da zai hana keke wucewa, musamman dokin ƙofa. Domin tsofaffin gidajen layinmu suna da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi: ƙofa ba ta zama daidai da ƙasa. Wani gidan matakala ɗaya, wani biyu, wani uku, duk na baƙin dutse. Na koya musu yadda ake ɗaga keke, da kashe wutar gida, da kulle ƙofa kafin a fita. (Ku riƙe wannan maganar ta kulle ƙofa, za mu dawo kanta.)

Wurin taruwa kuwa ni kaɗai na zaɓe shi, ina zaune a ofis, daga hoton taswira a kwamfuta. Akwai wani makeken fili a ƙarshen layinmu, inda samari ke buga ƙwallo. Ga faɗi, babu wayar wuta a sama, motar asibiti za ta shiga ta juya. Duk sharuɗɗan kwas ya cika su. Ban tambayi kaina ba, a garin da ake rububin taku ɗaya na ƙasa, me ya sa fili kamar wannan ya shekara da shekaru babu wanda ya aza masa ko bulo.

Gida na ƙarshe kafin filin shi ne na Gwaggo Kulu, yayar mahaifina. Kakana ne ya gina shi, mahaifinsu, wanda ya taho aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina, ya yi shekaru a Sudan yana noma yana gini, ya iso Madina ya ce shi kam ya zo gida. Sunansa aka sa mini, shi ya sa Gwaggo ba ta kama sunana, sai dai ta ce Mai-sunan-Baba. Gidan nan matakala biyar gare shi. Biyar! Ga mai gidan a keken guragu, sai samari biyu sun kinkima kafin ta sauko. Na sayi jan fenti na feshi, na je na zana ƙatuwar alamar kuros a gefen matakalar, alamar za a fasa.

Da na shiga gaisuwa na tarar da ita tana gyaran zogale a faranti.

"Mai-sunan-Baba, wa ya shafa mini jan abu a ƙofa?"

"Ni ne, Gwaggo. Za a fasa matakalar a yi miki gangara, keke ya riƙa sauka da kansa."

"Ɗayyib. Na ji kuma an ce fili za ku kai mu."

"E, Gwaggo. Shi ne wuri mafi aminci."

Ta ajiye farantin ta dube ni ta saman tabarau. "Ka tambayi filin ko ya yarda?"

Na yi dariya, irin wadda ake yi wa tsofaffi in sun yi maganar da ba a gane ba. Ta buɗe baki ta ce, "Ai Baba, lokacin da..." sai wayata ta yi ƙara. Na ce ina zuwa, Gwaggo. Ban dawo ba.

Saura kwana uku mu yi gwajin fito da tsofaffi Shahad ta same ni da takardar awon da samari suka yi. Ta jera gidajen bisa tsarin layi, daga sama zuwa ƙasa.

"Ya khali, shuf," ta ce, wato kawu, duba. Na ce ta yi Hausa. Ta ja numfashi. "Kawu, wajen masallacin sama, dokin ƙofa sifir. Babu. Muna sauka, ɗaya. Muna sauka, biyu, uku. Gidan Sitti Kulu biyar. Ba gida ɗaya da ya saɓa." (Sitti, wato kaka, haka take kiran Gwaggo.)

"Ya'ani me?" na ce, wato me hakan ke nufi.

"Ya'ani ruwa, ya khali. Kuma akwai layi-layi a jikin dutsen, Sitti ta ce da ƙusa aka yi."

Na ce mata ado ne. Na ce mutanen zamanin da suna son gida mai tsayi don a san su wane ne. Sannan na faɗi maganar da ta zama sunana na biyu a unguwa. Na ɗaga yatsa na ce, "Shahad, ni fa na yi kwas." Ta naɗe takardarta ta fita.

Ranar gwaji Asabar ce cikin sanyi, bayan la'asar. Tun da safe saƙon gargaɗi ya shigo wayoyin mutane cewa ana sa ran ruwa a yankin Madina. Na karanta. Na fita na ɗaga kai, na ga sama tas kamar an wanke faranti, na ce ai wannan ma ya ƙara wa gwajin armashi. Na kafa rumfa a tsakiyar fili, na jera kujerun roba, ga gahawa ga dabino. Na gayyaci umda, wato mai unguwarmu, da wasu dattawa biyu. Na sa farar jallabiyata ta Juma'a, na ɗora rigar aiki mai ruwan ɗorawa a sama, usur a wuya, lasifika a kafaɗa. A bayana ga wani dogon ƙyalle da na sa aka rubuta da Larabci da Hausa: WURIN TARUWA MAI AMINCI.

Tsarin shi ne in busa usur, in sanar ta lasifika, matasa su fito da tsofaffi su iso fili cikin minti goma. Na busa. Na sanar. Na danna agogo, na juya na yi wa umda murmushi.

Minti biyar, babu kowa. Minti takwas, ko kyanwa ba ta gifta ba, alhali filin nan kullum cike yake da su. Umda ya sha gahawa kofi na uku. Minti goma sha biyu gumi ya fara bin bayana duk da sanyin da ake yi. Na koma gefe na kira Shahad.

"Kuna ina?"

"Masallacin sama, ya khali. Kulluhum, kowa da kowa. Sitti ta ce tun azahar take jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta'al, taho, fito daga filin, don Allah!"

Na ce ta kunyata ni a gaban manya. Na ce wannan rashin bin tsari ne, kuma a bala'i na gaske irin haka ne ke kashe mutane (Allah Ya yafe mini wannan jumlar). Na kashe waya. Da na juyo sai na ga umda ya miƙe tsaye, ba ni yake kallo ba, yana kallon can kudu maso yamma inda wani baƙin hadari ya zauna a kan duwatsu. Ya ajiye kofi a hankali.

"Ya ustaz," ya ce, "mu ma mu hau sama."

Suka shiga motarsa da dattawan. Suka ce in shigo. Na ce su je, ina tafe, bari in naɗe ƙyalle. Gaskiyar magana fushi nake yi, kuma ina so a ga cewa fushi nake yi.

Ina kwance igiya ta biyu na fara jin ƙara, can nesa, kamar tifa tana juye tsakuwa ba ta gamawa. Na tsaya. Rana tana nan a kaina, inuwata tana nan a ƙasa, ko ɗigo ɗaya bai sauka a Harra ba. Sai na gan shi. Ya shigo ta bakin filin, ba da gudu ba, a natse, kamar mai gida ya dawo daga tafiya. Bakinsa kumfa ne da karare da robobin ruwa, yana tura su gaba. Launinsa na shayi da madara. Ya raba kansa biyu ya zagaye wani dutse, ya haɗe, ya ci gaba.

Wallahi tsayawa na yi ina kallo. Shekara talatin da takwas ina wucewa ta filin nan, na buga ƙwallo a cikinsa, na fasa gwiwa a cikinsa, ban taɓa sanin hanyar wani ba ce aka ara mana. Bakina yana subhanallah shi kaɗai. Sai da ruwan ya taɓa idon sawuna, da sanyin duwatsun da ya baro, sannan hankalina ya dawo.

Kafin in yi taku goma ya kai ƙwauri. Kujerun nan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bi layi suka tafi, su kam sun bi tsari. Takalmina na dama ya bi su. Na nufi layinmu, na tarar ruwan ya riga ni shiga. Ƙofar da ta fi kusa ita ce ta Gwaggo. Na haye matakala ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, na tura ƙofa.

A kulle. Samarin sun kashe wuta sun kulle ƙofa, kamar yadda malaminsu ya koya musu.

Haka na tsaya a kan matakala ta biyar, wuri bai fi faɗin sallaya ba, hannu ɗaya riƙe da zoben ƙofa, ɗaya ya tattare jallabiya har gwiwa, ƙafa ɗaya da takalmi. Ruwa ya cinye ta farko. Ya cinye ta biyu. A nan ne idona ya sauka a kan layukan da Shahad ta faɗa, a gefen dutsen, dab da jan kuros ɗina. Zane ne ƙanana, wani bisa wani, an karce su da ƙarfi. Ina kallo ruwan yana shafe su ɗaya bayan ɗaya. Ya hau ta uku. Ya kama ta huɗu.

Ni ban san na yi ihu ba. Abin da na sani shi ne wata murya ta cika unguwa, ta bugi bango ta dawo: "Wayyo Gwaggo! Wayyo Allah, Gwaggo!" Na manta lasifikar tana kafaɗata, kuma a kunne take. Layinmu kuwa miƙaƙƙe ne har zuwa masallacin sama. Na ɗaga kai na hango su cirko-cirko a farfajiya: tsofaffi a kekuna a jere, an lulluɓe su da barguna, matasa a tsaye a bayansu, umda a gefe, wayoyi sama da goma a ɗage suna duban inda nake. A daidai lokacin nan ƙyallena ya zo wucewa ta bakin layi, a shimfiɗe a kan ruwa, rubutun yana kallon sama. Wanda ya ɗauki bidiyon da ya fi yawo ya bi ƙyallen a hankali har ya karantu, sannan ya dawo kaina.

Wayata ta yi ƙara. Lambar Shahad ce, amma muryar Gwaggo ce.

"Mai-sunan-Baba, duk Harra ta ji ka. Tsaya inda kake, kada ka sauko. Tun da Baba ya aza ta biyar, ruwa bai taɓa hawanta ba."

"Gwaggo, in ya hau fa?"

"To sai ka aza ta shida. Ba sunansa gare ka ba?"

Bai hau ba. Ya rufe ta huɗu, ya kama jikin ta biyar, ya yi ta lasar dutsen yana komawa, sannan ya tsaya. Na durƙusa na auna da hannuna, tsakanin ruwan da tafin ƙafata yatsu huɗu ne. Ina nan tsugune ina kallon yatsun nan huɗu, hawaye suka zo mini, kuma ba na tsoro ba ne. Mutumin da bai taɓa ganin taswira ba, bai san boko ba, ya rasu tun kafin a yi auren iyayena, shi ne ya auna mini wurin tsayawa. Ni kuma na zo da gwangwanin fenti.

Kafin magariba ruwan ya ja, ya bar laka da karare. Samari biyu suka sauko suka raka ni sama (ɗayansu ya ba ni aron silifas). A farfajiyar masallaci na ji sauran labarin. Ashe bayan na ce na yi kwas, matasan sun yi nasu taron a ɗakin Gwaggo. Suka bi takardar Shahad daga gida mai matakala biyar, suna hawa, har inda ƙofa ta zama daidai da ƙasa, suka ce nan ne wurin taruwa. Duk sauran abin da na koya musu sun yi shi daidai: jerin sunaye, jakar magani, ɗaga keke, ƙirga mutane sau biyu. Ba tsoho ɗaya da aka bari a baya, kuma ba su kai minti goman ba. Abu ɗaya kawai suka cire daga tsarina, shi ne wurin da zai halaka iyayenmu. Na yi tunanin kekunan nan a jere a ƙarƙashin rumfata lokacin da ruwan ya shigo, sai na nemi wuri na zauna.

Shahad ta kawo mini shayi. Na ce, "Ki yafe mini." Ta ce, "Adi, ya khali," wato ba komai. Sannan da Hausa tsantsa, ba ko kalmar Larabci, ta ƙara da cewa, "Ai ka yi kwas."

Washegari na koma gidan Gwaggo da bokiti da buroshi zan goge fentin. Ta sa aka turo ta bakin ƙofa. A ranar ta ƙarasa mini maganar da waya ta katse. Ta ce da matakala biyu aka fara gidan. Duk sailin da ya zo, in ya wuce, Baba zai fito da ƙusa ya karce inda ya tsaya. In ya haura ya shiga gida, sai ya ɗaga ƙofa ya ƙara dutse, maƙwabta ma kowa ya duba nasa ya ƙara. Ta biyar tana 'yar yarinya aka aza ta, ita ta riƙa miƙa masa ruwan kwaɓi. Bayan rasuwarsa ita ta ci gaba da karcewa, har ƙafa ta ƙi.

Ta buɗe gwangwanin zare da allura da ke cinyarta, ta tona, ta fito da wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa, tsawon yatsa. Ta miƙo mini. Alamar lakar jiya tana nan a jikin dutsen ba ta gama bushewa ba. Na durƙusa na karce, layina ya fito a karkace a saman nasu.

Na ɗauki buroshi zan fara goge jan kuros ɗin.

"Bar shi," in ji Gwaggo. "Wancan yana nuna inda ruwa ya kai. Wannan yana nuna inda kai ka kai. Na baya su ga duka biyun."

Ba a fasa matakalar kowa ba. Wani kafinta ɗan Chadi a layinmu ya yi mana gangara ta katako, a aza in za a sauko da keke, a ɗauke in an gama. Ƙungiyar matasan tana nan, har an kira su unguwar Ƙurban su nuna yadda ake karanta dokin ƙofa. Ina bin su wani lokaci. Aikina shi ne riƙe bakin tef, Shahad ta karanta awo.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. In tsohuwa ta ce "Ai Baba, lokacin da...", ka kashe waya ka zauna. In kuma ka ƙi, har ta kai ka ga kiran Gwaggo, to ka fara duba ko lasifika a kashe take.